Ƙusar da Na Zare da Yatsuna

Ɗana Bashar,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Hadiza, ina gaida jikata Ummi duk da ba ta san gaisuwa ba tukuna. Da fatan kun sauka Aliero lafiya, baƙunta kuma ta zo muku da sauƙi. Allah Ya sa kun shiga garin a sa'a, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari, Ya tsare ku daga sharrin da muke gani da wanda ba mu gani. Innarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yarinyar.

Na san za ka yi mamaki. Jega da Aliero ba tafiyar da ake ɗaukar guzuri ba ce, ga waya a aljihunka ga waya a nawa, to me ya kawo takarda? Ka dai san halina. In na ɗauki waya da nasiha nake farawa, da tsawa nake ƙarewa, kai kuma ka yi ta "to Baba, to Baba" har in gaji in kashe. Ban da haka, akwai maganar da ba zan iya faɗa ba ina jin numfashinka a kunnena. Don haka ka nemi wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe, kada ka tsallake.

Ranar da ka zo yi min sallama a shago, kana kan benci ina kan keken ɗinki, ka ce gidan da ka samu ɗaki biyu ne, ginin bulo, amma ba rufi, ba ƙofa, ba taga. Ka ce za ku ɗan zauna a ɗakin haya kafin ka rufe naka, kuma ranar kasuwa za ka dawo Jega wajen masu sayar da kayan gini na hannu, waɗanda ake cirowa daga gidajen da aka rushe, ka sayi kwano da katako da sauransu don ka samu sauƙi. Na ce Allah Ya taimaka. Ban sani ba ko ka lura ƙafata ta tsaya a kan keke. Tun daga ranar abinci bai yi min daɗi ba. Gajimare ya fara taruwa ta gabas, ka ce kana son ku tare kafin ruwa ya sauka, ni kuwa da na rufe ido Ummi nake gani kwance a ƙarƙashin rufin da ban san abin da ke riƙe da shi ba. Tsoro nake ji, Bashar, ba zan ɓoye maka ba.

Ba hana ka nake yi ba. Mai ƙaramin ƙarfi irinmu in ya ce sai sabo, zai tsufa a gidan haya. Gidan da ka tashi a ciki rabinsa kayan hannu ne. Amma na yi wauta a wannan harka har sau uku, ina son ka ji su daga bakina.

Ta farko ƙofa ce. Ni da nake yini da tef a wuya, ni da ba na sa almakashi a yadin mutum sai na auna shi sau biyu, na tashi na tafi sayen ƙofar ƙarfe ban auna bakin ɗaki ba! Na gan ta jingine da bango wajen wani mai tsofaffin kayan gini da ake ce wa Maikwano. Koriya ce, mai nauyi, irin wadda maza biyu ke ɗauka suna nishi. Na tsaya kusa da ita na gwada da tsayina, na ce ai daidai take. Aka ɗoro ta a amalanke har gida. Ashe ta fi bakin ɗakin faɗi da taƙi guda cur. Na koma da ita raina a ɓace, Maikwano ya dube ni ya ce, "Malam Tela, wanga kaya in ya fita ba shi komowa. Kai da ke auna mutane, ƙofa ta gagare ka?" Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya. Haka na sake ɗoro ta, magini ya fasa bango, aka nemo siminti da yashi, ɗan sauƙin da na samu ya tafi a nan.

To ka auna. Ka auna tsayi, ka auna faɗi, ka rubuta a takarda, ka tafi da tef ɗinka, kada ka yarda da ido. In ka ga ƙofar da ta yi maka, ka sa a tsayar da ita ka buɗe ka rufe, ka durƙusa ka duba gindinta, don tsatsa daga ƙasa take ci inda ruwa ke kwanciya. In an yi mata sabon fenti ka kankare kaɗan da makulli ka ga abin da ke ciki. Ƙofa da taga kam saye na hannu ba laifi, tsohon ƙarfe ma ya fi na yanzu kauri. Waccan koriyar ita ce har yau a ɗakin Innarka.

Ta biyu kwano ne. An jera shi bandir-bandir, na duba na sama guda uku na ga fes, na ce a ɗaure. Rana ta take, ina sauri in koma shago don na bar ɗinkin mutane. Ban ɗaga na tsakiya ba. Da ruwan farko ya sauka, kai, ka ga ikon Allah! Innarka ta jera roba da tasa da tukunya a tsakar ɗaki, ta naɗe katifa ta zauna a kai, ta dubi sama ta ce, "Malam, ashe rariya ka sayo mana." Na buɗe baki in yi faɗa, ɗigo ya sauka min a hanci. Daminar nan duka a kan rufi na yi ta, ina liƙe huji da kwalta.

Ga abin da na koya. Kowane falle ka ɗaga shi da hannunka ka saita rana, duk inda haske ya ɓullo ruwa ma zai ɓullo. Kwanon hannu ba ya rasa hujin ƙusa, wannan dole ne. Amma ka duba inda hujin yake. In a kan tudun kwanon ne, da sauƙi, sai ka sa kafinta ya jera katakonsa daidai da tsofaffin hujin, sabuwar ƙusa ta shiga inda tsohuwa ta fita. In a cikin kwarin ne, inda ruwa ke gangarowa, ka ajiye shi ko kyauta aka ba ka. Kuma kada mai kaya ya hanzarta ka. Zai ce ga wani can yana jira zai ɗauka. Ka ce ya ɗauka, Allah Ya sa alheri.

Waɗannan biyun ka sha jin Innarka tana tsokanata da su, har kai ma kana dariya. Ta ukun ba ka taɓa ji ba, don ba wanda ya taɓa yin dariya a kanta.

Lokacin kana da shekara uku na ƙara ɗaki a gidanmu, wanda ke kusa da rijiya. Na koma wajen Maikwano neman katakon rufi. Ya nuna min wani tari, manya-manya, miƙaƙƙu, baƙi ƙirin suna sheƙi. Ka san mutanenmu suna shafa wa katako baƙin man mota don gara ta bar shi. Da na ga baƙin nan sai raina ya kwanta, na ce ai wannan an riga an yi masa magani, ya ma fi sabo. Na ɗaga guda na ji shi sakayau ba nauyi, na ce bushewa ce. Na tambayi kuɗinsa, na ji araha har ta ba ni kunya. Abu ɗaya ne ban tambaya ba: daga ina aka ciro shi? Sai daga baya na ji cewa daga wani tsohon ɗakin ajiyar hatsi ne a wajen Maiyama, wanda mai shi ya rushe don gara ta gama da shi. Man kuwa ba tsohon shafi ba ne, bayan an ciro shi aka shafa. Ban ce Maikwano ne ya shafa ba, ban sani ba, mutumin ma ya riga mu gidan gaskiya. Abin da ya gaya min kawai shi ne, "Ga shi nan yadda ka gan shi." Ni ne ban gani ba.

Na kira Bitrus kafinta, mutumin Zuru da ke zaune a unguwar Jega Magaji, ka san shi, shi ya yi bencin shagona. Ya zo da gudumarsa, ya zagaya katakon. Ya ƙwanƙwasa ɗaya da ƙotar guduma, ya kasa kunne. Ya ƙwanƙwasa wani. Sannan ya ciro ƙusa daga aljihu ya soka a gefe, ta shige kamar a cikin rogo dafaffe. Da ya zare ta sai wani gari ya zubo, fari, kamar garin gero.

Ya ce, "Malam Tela, wannan ba katako ba ne, ɓawo ne. Ba zan ɗora shi a kan mutane ba."

Na ce, "Haba Bitrus, guda ɗaya ka taɓa."

Ya ce, "Biyar na taɓa. Ka sa a murhu, ka sayi sabo ko kaɗan-kaɗan ne. In ba hali bana, ka bar ɗakin a buɗe sai baɗi."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Maƙwabta biyu suna tsaye, su ne na gama yi wa alfaharin na iya ciniki. Na ce masa na gane, so yake ya kai ni wajen masu sabon katako don ya samu la'adarsa. Wallahi haka na faɗa masa, a gaban mutane. Ya dube ni, ya mayar da gudumarsa cikin jaka, ya ce, "Allah Ya kiyaye," ya fita. Washegari na samo wani wanda in ka ba shi kara ma zai buga maka. Kwana biyu ya gama, ɗaki ya yi kyau, na riƙa nuna wa mutane.

Daminar farko rufin ya tsaya. Na riƙa cewa a raina, ina Bitrus, ya zo ya gani mana. A ta biyun, wata ranar bayan la'asar, ina shago hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, irin wadda ke kwashe rumfunan kasuwa. Innarka ta kwantar da kai a sabon ɗakin don ya fi sanyi, ta fita tsakar gida tana kwashe shanya. Ta ce ji ta yi kamar an yaga babban yadi. Da ta waiwaya kwanon ya tashi gaba ɗaya, ƙusoshin ba su da abin kamawa. Katakon tsakiya ya karye biyu ya faɗa ciki. A duk layinmu rufinmu kaɗai ne ya tashi.

Ka dubi hannunka na hagu, Bashar.

Ba daga amalanken shanu ka faɗo ba. Ba ka taɓa hawa amalanken kowa ba a shekarun nan. Katakon da na sayo ne ya faɗo maka a gwiwar hannu. Da ya goce da taƙi ɗaya, a kanka zai sauka.

Na iso gida a guje ba takalmi, na tarar Innarka ta rungume ka cikin ruwa, kana kukan da ba sauti. Aka samo mota, muka nufi Aliero wajen masu ɗori, garin nan da kake zaune yanzu. Ina riƙe da hannunka a hanya yana lilo, duk ramin da mota ta faɗa sai ka sandare. Dattijon da ya ɗora ka ya shafa wurin, ya ɗago ya ce, "Mi ya same shi?" Ban san lokacin da bakina ya ce ka faɗo daga amalanke ba. Innarka ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Dattijon ya ce, "Wanga ba karayar faɗuwa ba ce, abu ne ya danne shi," ya ci gaba da aikinsa, bai ƙara tambaya ba. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah Ya saka masa, amma ya gaya mana hannun ba zai miƙe sosai ba.

Mutanen unguwa sun san gaskiya, suka rufa min asiri. Da ka yi wayo ka tambaya, na ba ka labarin amalanke, Innarka ba ta ƙaryata ni ba, ita ma don ta rufa min. Har na riƙa yi maka faɗa a kan ƙiriniya da shi, ina cewa ka ga abin da rashin ji ya jawo maka. Innalillahi. Wannan ya fi komai ci min rai. Da ka je neman aikin ɗamara aka dawo da kai saboda hannun, ka shigo shago ka zauna ka ce, "Baba, ni na jawo wa kaina tun ina yaro." Ina kan keke, na ce haka Allah Ya ƙaddara. Ƙaddara ce, gaskiya ne. Amma an gaya min, da bakin mutum, da rana tsaka, na ƙi ji.

Ka taɓa tambayata me ya sa rigar da wani tela ya ɗinka maka ba ta zauna maka kamar tawa. Na ce su ba su iya ba ne. Ba haka ba ne. Tun kana yaro nake rage hannun hagu da yatsa biyu, in ƙara masa faɗi a gwiwa, don kada a gane. Kowace sallah in na zo yanka wannan hannun sai na ajiye almakashi na fita waje tukuna.

A cikin takardar nan za ka ga ƙusa doguwa, ta yi tsatsa. Da muka dawo daga Aliero na shiga ɗakin, na kama ta a jikin katakon da ya karye, na ja. Ba guduma, ba filaya, da yatsuna biyu na zare ta. Tun ranar take cikin aljihun keken ɗinkina. Na aiko maka ita don ka yi aiki da ita, ba don ka ajiye ba. Duk katakon da ka sa wa ido, ka soka masa ita a gefe da kai da tsakiya. In ta shiga da ƙarfin hannu kawai, ka wuce. Ka ƙwanƙwasa ka saurara, lafiyayye yana amsawa da ƙarfi, wanda gara ta ci kuwa kamar ganga yake. Ka ɗaga ka ji nauyinsa. Ka duba ƙasan tarin ko akwai gari. In ka ga baƙin mai yana sheƙi har yana shafar hannu, ka tambayi yaushe aka shafa, kuma don me. Ka tambayi gidan da aka rushe, a wane gari, me ya sa aka rushe shi. In mai kaya ya fara kame-kame, ka yi masa sallama.

Amma in son raina za ka bi, ga shi ƙarara: ka sayi ƙofa ta hannu, taga ta hannu, kwano na hannu in ka ɗaga shi a rana. Abin da zai riƙe rufi a kan 'yarka kuwa, ka sayi sabo. In ƙarfinka bai kai ɗaki biyu ba, ka rufe ɗaya. In bai kai ɗaya ba, ku ƙara damina a gidan haya, ba wanda ya taɓa mutuwa don an ce masa ɗan haya. Kada ka biye wa masu cewa har yanzu ba ka tare ba? Irin wannan maganar ce ta kai ni.

Jiya na rufe shago na tafi Jega Magaji. Shekara ashirin da bakwai ina kauce wa layin Bitrus, in mun haɗu a kasuwa mu gaisa sama-sama in wuce. Na same shi a ƙofar gida yana gyara kujera, ya tsufa, ido ɗaya ya yi hazo. Na zauna, na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Bitrus, na zo ne a kan maganar katako."

Ya ce, "Wane katako?"

Na ce, "Ka sani."

Ya ajiye guduma. Ya ce, "Yaya hannun yaron?"

Ka ji fa. Ba zagin da na yi masa ya riƙe ba, hannunka ya riƙe. Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe tun tuni, shi ma abin ya daɗe yana damunsa, yana ganin da ya koma ya ƙara yi min magana ko da zan sake zaginsa. Na gaya masa kai ma ka tashi rufi. Ya ce ranar kasuwa ka biyo ta gidansa ku tafi tare, idonsa ya rage amma kunnensa na nan. Don Allah ka je. Duk abin da ya ce a bari, ka bari, ko da katakon ya yi maka kyau kamar me. In ka ji zuciya tana taso maka, ka tuna ta ubanka ce ka gada, ka haɗiye ta.

Ban san yadda za ka ɗauki wannan takarda ba. In ka yi fushi, kana da gaskiya. In ka ga ba za ka iya zuwa gida ba na ɗan lokaci, zan fahimta, amma kada ka haɗa da Innarka, ita asirina ta rufa. Da na gaya mata zan rubuta, kuka ta yi, ta ce da na yi tun da daɗewa. Ina roƙonka ka yafe min, Bashar. Amma ko ba ka yafe ba tukuna, ka fara zuwa wajen Bitrus, wannan ya fi gaggawa. Ruwa ya kusa.

Allah Ya tsare ka a hanya, tafiya da dawowa. Allah Ya sa albarka a gidan, Ya sa ku shiga lafiya ku zauna lafiya, Ya tsare ku daga iska da tsawa da duk abin da ke faɗowa daga sama. Allah Ya raya Ummi, Ya sa ta girma da hannuwanta biyu a miƙe. In an gama buga katakon, kafin a ɗora kwano, ka aiko a kira ni. Ba zan yi faɗa ba, ba zan ce komai ba. So nake kawai in tsaya a ƙarƙashinsa kafin a kwantar da ita.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
daga Jega.